Tuwo ake bayarwa, kwano dawowa yake yi

A ƙauyukan Tsanyawa, daga Yankamaye har Kabagiwa, ciyayya ba ta mutu ba. Bayan magariba za ka ga yarinya ɗauke da kwanon tuwo ta nufi gidan gwaggo ko gidan aminiyar uwarta. Tuwon kyauta ne, kwanon kuwa na uwargida ne, kuma ta san adadin kwanukanta ciki da bai. Shi ya sa take ɗiga jan fenti a gindin kowanne. In ya kwana biyu bai dawo ba, sai ta ce, "Ke 'yar nan, je ki gidan Gwaggo ki ce ina gaishe ta, a ba ki kwanon shekaranjiya." Ba wanda ke kiran wannan rowa. Gidan da ke barin kwano ya bi tuwo, kafin kaka ta zagayo sai ya koma cin abinci a murfin tukunya.

Wannan lissafin ne nake ganin ya kuɓuce wa 'yan kasuwarmu game da katakon ɗora kaya, wanda masu sito ke kira falet. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Katsina, ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, ya san shi: 'yan faifan katako da aka buga a kan ƙafafu, ana jera buhunan taki ko siminti ko riɗi a kai. Ɗan kasuwa zai yi ciniki a kan kuɗin mota har murya ta dushe, ya ƙirga buhu ɗaya bayan ɗaya, amma katakon da kayan suka hau ba ya shiga littafi. Mota ta tafi da shi, shi ke nan. Wani ya zama bencin mai shayi, wani ƙofar garken awaki, wani ya ƙare a murhu. Mako mai zuwa a sake aika yaro Rijiyar Lemo ko Na'ibawa wurin 'yan katako.

Kuma katakon nan ba a gonakinmu yake fitowa ba. Ƙasar Tsanyawa gona ce manne da gona, itatuwan da suka rage, su ɗorawa da tsamiya da gawo da kuka, kowanne da mai shi da amfaninsa. Yawancin katakon aiki daga Kudu ake hawo da shi, kuɗin mai da na hanya duk suna cikin farashinsa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai na sufuri ya ƙara tsada. Wanda ya bar falet ya ɓata a tafiya ɗaya ya biya kuɗinsa cif a kan lodi ɗaya. Wanda nasa ya je ya dawo sau goma, kashi ɗaya cikin goma ya biya a kowace tafiya.

Manyan kamfanonin duniya sun daɗe da gane haka. Bayan yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka sun bar tarin falet da injinan ɗaga kaya a Ostireliya. Gwamnatin ƙasar ta tattara su ta riƙa bayar da haya, a 1958 kamfanin Brambles ya sayi harkar, ita ce CHEP ta yau. Falet ɗinsu shuɗin fenti gare shi, ba sa sayarwa, haya kawai, kuma duk inda ya shiga a duniya nasu ne. Fentin uwargida ke nan. A Turai kuma, tun 1961 kamfanonin jiragen ƙasa suka amince da awo ɗaya, santimita 120 tsawo da 80 faɗi, don direban da ya sauke kaya a kan falet talatin ya karɓi talatin marasa kaya ya juya. Ba sai nasa ne ya dawo ba, tunda duk ɗaya suke.

Mu a nan kowane kafinta da awonsa, wannan dogo, wancan gajere, shi ya sa musaya ba ta yiwuwa. Amma akwai abin da mai sito ɗaya zai iya tun yau ba tare da jiran kowa ba. Ya yi wa katakonsa alama. Ya rubuta adadinsu a takardar kaya kamar yadda yake rubuta buhu, direba ya sa hannu. Abokin cinikin da ke nesa ya ajiye kuɗin jingina, ya karɓi abinsa ranar da katako ya dawo. Motocin da ke kai taki ƙauye sau da yawa wayam suke komowa, ko da ɗan kaya kaɗan, to me zai hana su komo da shi?

Sai gyara. Kwanon da ya huje ba a jefar da shi, mai liƙi ake jira. Falet ma da wuya ya mutu gaba ɗaya, faifai ɗaya ne ke karyewa ko ƙusa ta fita. Guda uku da suka lalace sukan tayar da biyu masu lafiya a hannun kafintan gari, kuɗin kuma ya tsaya a Tsanyawa. Abin da ya fi kashe su ma sakaci ne: a bar su a fili ruwan Agusta ya jiƙa su, gara ta shiga, 'yan dako su riƙa wurgo su daga saman mota.

Akwai tsimin da ba na goyon baya, kuma ina faɗa da babbar murya. Wasu in katako ya yi tsada sai su jibge buhu a kan daɓen siminti. Daɓe yana tsotso danshi daga ƙasa. Siminti ya daskare, taki ya dunƙule, gyaɗa da masara su yi fumfuna, fumfunar da ke haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta. Buhun gyaɗa ɗaya da ya ruɓe a layin ƙasa ya fi kuɗin katakon da aka ƙi saya, balle lafiyar yaran da za su ci ƙuliƙulin.

Haka nan masu fitar da kaya waje, ko ta Legas ko ta tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a watan Janairun 2023. Tun 2002 akwai ƙa'idar duniya, ISPM 15, da ta ce duk katakon da zai tsallaka iyaka da kaya sai an kashe ƙwarin cikinsa, galibi ta hanyar gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon minti 30, sannan a buga masa hatimi. Wanda ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan, ana iya tsare masa kwantena a tashar wata ƙasa ko a juyo da ita. Hanyar tsimi ta halal a nan ita ce a ware: mai hatimi na fita waje ne kawai, kada a ɓata shi a zirga-zirgar Dawanau zuwa ƙauye. Kuma a tambayi mai saye tukuna, domin riɗi da yawa buhu-buhu ake jera shi a kwantena ba tare da falet ba.

Kirana ga shugabannin kasuwar Dawanau da ƙungiyoyin masu sito na Bichi da Tsanyawa shi ne su zauna da kafintoci su tsayar da awo ɗaya, su kuma amince cewa duk wanda aka sauke wa kaya a kan katako zai mayar da adadinsa ko ya biya. Ku fara da 'yan taki kafin damina ta faɗi.