Filinge: Darasin da mai shirin zama malama ta ɗauka daga bencin baya

Da ƙarfe 8 na safe, a wata makarantar firamare da ke Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai, wata ɗalibar makarantar horar da malamai ta zauna a bencin baya riƙe da littafinta. Aikinta na yau kallo ne kawai.

Ajin CI ne, na farko cikin azuzuwa 6 na firamare. Malamin ya rubuta jimla da Faransanci a allo, yara suka maimaita da ƙarfi. Da ya tambayi ma'anarta, sai aji ya yi tsit. Ya sake tambayar da Hausa, nan take hannuwa suka tashi.

Wannan ne ta fara rubutawa: maimaitawa daban, ganewa daban.

A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci kuwa ya zama harshen aiki. Sai dai a jihar Tilaberi, inda rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu, yaron da ya samu gurbin zama a aji ba shi da shekarar da zai ɓata yana haddar abin da bai gane ba.

Nan gaba kaɗan allin zai koma hannunta.