Tiren kilishi da cuku: yadda kalacin hantsi ke samun sabon salo a Tsibirin Gobir

A Tsibiri, kamar sauran garuruwan jihar Maradi, ragon layya ba ya ciyuwa ranar Sallah. Ana feɗe shi a gicciya masa itace, a jera shi gefen wuta ya wuni yana gasuwa, ranar kuwa kayan ciki ake soyawa. Sai washegari da hantsi ake sauke shi a yanka, a fitar da rabon maƙwabta da surukai, sannan 'yan gida su zauna. Wannan zaman ne matasa suka fara yi wa kwalliya, musamman in akwai ɗan'uwa da ya zo hutu daga Yamai, Kano ko Faransa.

Abin da suke gani a TikTok da Instagram katako ne da aka jera wa yankakken nama da cukun Turai. Kwaikwayonsa kai tsaye ba ya yiwuwa: akasarin busasshen naman nan na alade ne, cukun kuma yana da tsada, ba ya jure zafin Maradi in babu firiji.

Amma abin da ake nema yana kasuwa tun kaka da kakanni. Kilishi, naman sa ne da aka yanka falle-falle, aka shanya, aka tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, aka sake shanyawa kafin a nuna masa wuta. Akwai mai yaji, akwai rumuzu wanda ba a tsoma shi a labu, shi ne daidai bakin tsofaffi da yara. Cuku kuwa aikin matan Fulani da Buzaye ne. Da madarar da aka tatso yanzu ake yinsa, a ɗaure ta da ruwan tumbin ɗan akuya mai shan nono, a baza a kan 'yar tabarmar kara, rana ta busar da shi. Yana shigowa Maradi daga arewa, wajen Dakoro da Bermo, ya fi yawa da damina da kaka, lokacin da shanu ke da nono. Sabo yana da taushi, wanda ya daɗe kuwa sai an ɗan gasa shi a garwashin shayi, in ba haka ba haƙori ya ji a jikinsa.

Jerin ba wuya. Gasasshen rago a tsakiya da zafinsa, kilishi da cuku a gefe nesa da maiƙo don kada su yi laushi. Sai albasar Galmi, yaji, dabino, da kwaɗon zogalen Jiratawa da ke yanke maiƙo. Dambun nama in an samu.

Inda sabon salon ke cin karo da gida shi ne wajen zama. A bidiyo kowa na miƙa hannu a tire guda. A gidan Bagobiri maza da mata ba sa haɗa kwano, suruki ma ba ya ci gaban surukinsa. Don haka masu dabara tire uku suke shiryawa: na zaure, na cikin gida, da na yara. Na maigida ake fara fitarwa, kuma wanda ya tsaya ɗaukar hoto kafin a kai wa Inna nata, zai sha faɗa kafin ya sha shayi.