Yadda harsashi guda ke mayar da dandalin fim wurin makoki

A ranar 21 ga Oktoban 2021, ana cikin gwajin wata fitowa ta fim ɗin Rust a jihar New Mexico ta Amurka, sai bindigar da ke hannun jarumi Alec Baldwin ta tashi. Harsashin ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, 'yar shekara 42, ya kuma raunata darakta Joel Souza a kafaɗa. Kafin nan, mataimakin darakta ya shelanta cewa babu harsashin gaske a cikinta.

Da yawa daga bindigogin da ake gani a finafinan Amurka na gaske ne. Abin da ake ɗura musu ne ya bambanta. Akwai harsashin ƙara, mai albarushi amma babu dalma a bakinsa, wanda ke ba da tartsatsi da amo. Akwai kuma na kwaikwayo, mai kamannin na gaske amma babu albarushi, wanda ake sa wa ƙananan ƙarafa a ciki domin ya yi kacau-kacau idan an girgiza shi. Na gaske kuwa ƙa'idar masana'antar ta haramta kawo shi dandali. Haɗarin shi ne, ido kaɗai ba ya saurin rarrabe shi da na kwaikwayo, shi ya sa aka wajabta wa jami'in kula da makamai ya bincika kowane harsashi ɗaya bayan ɗaya.

Hatta harsashin ƙara yana kisa. A 1984, jarumi Jon-Erik Hexum ya ɗora bindiga a kansa da wasa ya harba, ƙarfin bugun ya fasa masa ƙoƙon kai, ya rasu bayan kwanaki. A 1993 kuma, Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya mutu wajen ɗaukar The Crow: kan wani harsashi ya maƙale a bututun bindiga ba a lura ba, da aka harba na ƙara sai ya ingizo shi.

Ƙa'idojin a bayyane suke: a ɗauki kowace bindiga tamkar ɗurarriya ce, kada a saita ta ga mutum, kada yatsa ya taɓa kunama sai lokacin harbi, a kuma buɗe ta a gaban jarumi kafin a miƙa masa.

A 2024, kotu ta sami Hannah Gutierrez-Reed, mai kula da makaman Rust, da laifin kisa ba da gangan ba, ta yanke mata ɗaurin wata 18. Shari'ar Baldwin kuwa an kore ta saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye wata shaida. Bindigar ta ratsa hannu uku kafin ta tashi. Da ɗaya daga cikinsu ya tsaya ya girgiza harsasan, da wataƙila Hutchins ta koma gida wurin mijinta da ɗanta a daren nan.