Gyaɗa a cikin leda: yadda kamfani da ƙungiyoyin agaji suka haɗa kai a kan tamowa a Nijar

Duk wanda ya taɓa shiga cibiyar kula da yara masu tamowa a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san ƴar ledar nan mai ja da fari da ake miƙa wa uwaye. Nauyinta giram 92 ne kacal, amma tana ɗauke da kalori 500. A cikinta akwai niƙaƙƙiyar gyaɗa, sukari, mai, garin madara da sinadaran gina jiki. Sunanta Plumpy'Nut. Da yawa suna ɗaukar ta a matsayin sadakar Turawa, alhali kuwa haja ce ta kasuwa: kamfani ne ke yin ta, ƙungiyoyin agaji su saya, ma'aikatan lafiya su raba kyauta. Tun 2005 ake wannan haɗin gwiwa a Nijar, kuma tarihinsa ya isa a auna amfani da haɗarin da ke cikin ƙawancen ƴan kasuwa da masu agaji.

Daga Faransa zuwa Maraɗi

A 1996 ne André Briend, wani likita masanin abincin yara, da Michel Lescanne, wanda ya kafa kamfanin Nutriset a arewacin Faransa, suka haɗa wannan abinci. Kafin nan, yaron da tamowa ta yi wa tsanani sai an kwantar da shi a asibiti ana ba shi madara ta musamman da ake damawa da ruwa mai tsabta. Uwa kan yi makonni a gefen gado, ta bar gona da sauran ƴaƴa. Sabon abincin ba ya buƙatar ruwa, wuta ko firji, kuma yana iya shekara biyu bai lalace ba.

Babban gwajinsa a Nijar aka yi. Fari da farin dango sun lalata damanar 2004, hatsi ya yi tsada, a 2005 yara suka riƙa cika cibiyoyin lafiya. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani, akasarinsu a jahar Maraɗi. Mafi yawansu ba a kwantar da su ba. Uwa takan zo sau ɗaya a mako, a auna yaro, a ba ta ledojin mako, ta koma gida. Kimanin tara cikin goma sun warke. Sakamakon Maraɗi na cikin abin da ya sa a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya, UNICEF da Hukumar Abinci ta PAM suka amince a riƙa jinyar tamowa a gida, asibiti kuma a bar wa yaran da wata cuta ta haɗu musu da ita.

Kowa da abin da ya samu

Ba don Allah kaɗai aka yi wannan tafiya ba. Nutriset ya samu kasuwa da suna a duniya. Ƙungiyoyin agaji sun samu hanyar jinyar yara masu yawa da ma'aikata kaɗan. UNICEF ta zama babbar mai saye, domin kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan abinci a duniya ta hannunta yake bi.

Nijar ma ta samu masana'anta. A 2005 Nutriset ya buɗe wani tsari mai suna PlumpyField, inda yake bai wa kamfanonin ƙasashe masu fama da tamowa izinin yin abincin a gida. Kamfanin STA da ke Yamai na cikin na farko da suka shiga. Nutriset ke ba da dabarar haɗi da horo, yana kuma sayar musu da garin sinadaran da ake zubawa. STA ke sarrafawa da ma'aikata ƴan ƙasa, ya sayar wa ƙungiyoyin agaji. Katan da a da sai ya biyo teku ya sauka a Kwatano, sannan ya hau babbar mota, ya koma ana ɗaukar sa daga Yamai.

Inda riba ta ci karo da agaji

Rigima ta taso ne a kan takardar mallakar fasaha. Nutriset da cibiyar bincike ta IRD ta Faransa sun yi rajistar haɗin, saboda haka ba kowa ke da damar yin irinsa ba. A 2009 MSF, wadda ita ce ta ɗaga darajar abincin a Maraɗi, ta fito fili ta nemi kamfanin ya sassauta, tana ganin ƙarancin masu yi na hana farashi sauka. A ƙarshen shekarar wasu ƙungiyoyi biyu na Amurka suka kai ƙara kotu. Hujjar Nutriset ita ce, idan aka buɗe ƙofa, manyan masana'antun ƙasashe masu arziki za su danne ƙanana irin na Yamai. A 2010 kamfanin ya sauƙaƙa wa masana'antun ƙasashe masu tasowa samun izini, daga baya kuma wa'adin takardar ya ƙare.

Gwamnati ma ba kullum ta yi maraba ba. A 2005 shugaba Tandja Mamadou ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar, a watan Yulin 2008 kuma hukumomi suka dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi.

Gyaɗar gida, madarar waje

Maraɗi da Damagaram ƙasar gyaɗa ce. Kafin farin shekarun 1970 da bunƙasar yuraniyom, gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa. Sai dai ba kowace gyaɗa ke shiga wannan leda ba. Idan ba a busar da ita da kyau ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, takan kamu da guba mai suna afulatoksin, kuma buhun da ya wuce ƙa'ida ba a karɓar sa. Garin madara, wanda ke cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi a haɗin, daga waje ake shigo da shi. Ga harajin kwastan, ga tsadar bashin banki, ga ɗaukewar wutar lantarki. Shi ya sa katan da aka yi a Afirka ba lalle ne ya fi na Turai arha ba.

Akwai kuma ɓarakar da ke faruwa bayan rabo. A wasu gidajen da abinci ya yi ƙaranci, ledar yaro ɗaya ake raba wa ƴan uwansa. A wasu kasuwanni kuma ana ganin ta a kan tebur, ko da yake magani ce da aka hana sayarwa. Yaron da aka rage wa kasonsa yakan daɗe bai warke ba.

Wa ke riƙe da jakar kuɗi?

Katan ɗaya mai leda 150 shi ne jinyar yaro ɗaya na mako shida zuwa takwas. A 2022 kuɗinsa ya kai wajen dalar Amurka 40, wato kimanin jika 25 na sefa, kuma a shekarar UNICEF ta yi gargaɗin cewa farashin zai iya ƙaruwa da kashi 16 cikin 100 saboda tsadar kayan haɗi. Uwar da ke ƙauye ba za ta iya saye ba, don haka masana'anta ba ta da kwastoma sai masu agaji. A 2025, da Amurka ta zaftare tallafin hukumar USAID, masana'antun da ke yin abincin a can sun ga an soke kwangilolinsu kafin a maido da su, katan-katan suka yi ta zama a rumbuna. Kwano ɗaya kowa ke ci: in mai ba da kuɗi ya ja baya, kamfani, ƙungiya da yaro duk sai su ji a jikinsu.

Abin da ya fi jure irin wannan girgiza shi ne wanda ya shiga hannun jama'a. A Mirya, cikin jahar Damagaram, ƙungiyar BEFEN ta ƴan Nijar da abokiyar aikinta ALIMA sun koya wa uwaye auna damtsen yaro da ƴar igiya mai kala uku. Idan ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, uwa ta san lokacin zuwa likita ya yi. Yaron da aka kawo da wuri ya fi saurin warkewa, kuma ba kasafai ake kwantar da shi ba.

Yau kamfanonin waya, bankuna da masu haƙar ma'adinai kan tallata gudummawar da suke bai wa ƙungiyoyin agaji, ƴan ƙasa mazauna waje kuma kan tara kuɗi don garuruwansu. Labarin ledar gyaɗa ya bar musu tambayoyi uku kafin a ɗauki hoton miƙa kaya: me kamfanin ke samu, nawa ne daga cikin kuɗin ke komawa ga manomi da ma'aikacin gida, kuma wa zai biya ranar da mai tallafi ya tafi?