Maharbi Da Dabbarsa, Matsafi Da Aljaninsa: Labarin Abokan Tafiya A Wasan World of Warcraft

Ran 13 ga watan Satumba na shekarar 2005 wata annoba ta ɓarke a wata ƙasa wadda babu ita a taswirar duniya. Kafin mako ya zagayo, titunan manyan biranenta sun cika da ƙasusuwan matattu, waɗanda suka saura kuwa suka fantsama cikin dazuzzuka don gudun cuta. Sunan wannan ƙasa Azeroth, tana kuwa cikin wani wasan kwamfuta ne da ake kira World of Warcraft, wanda mutane ke haɗuwa su yi tare ta hanyar intanet. Da aka bi sawun cutar, sai aka tarar babbar hanyar da ta bi ta shigo gari ita ce dabbobin da ke bin 'yan wasa a baya, watau abokan tafiyarsu.

Kafin a kai ga yadda abin ya faru, ya kamata mai karatu ya san su wane ne waɗannan abokan tafiya, da kuma dalilin da ya sa magidanta masu hankalinsu ke hana idonsu barci saboda su.

Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Shi

Kamfanin Blizzard Entertainment na jihar Kalifoniya ta Amurka shi ne ya fito da wasan ran 23 ga watan Nuwamba na shekarar 2004. Ya zuwa shekarar 2010 masu biyan kuɗin wata-wata don su yi shi sun kai miliyan 12. Duk wanda ya shiga sai ya ƙera wa kansa jarumi, ya raɗa masa suna, sa'an nan ya zaɓa masa sana'a. Da farko sana'o'in tara ne, cikinsu akwai mayaƙi mai takobi da garkuwa, da mai warkarwa, da masihirci, da mai rikiɗa, da ɗan sari-ka-noƙe, da maharbi, da matsafi. Wanda ya ɗauki sana'a ya ɗauka ke nan, in yana son wata sai ya sake sabon jarumi tun daga tushe.

Sana'o'i biyu ne aka ba su abokin tafiya na dindindin tun daga farko, watau maharbi da matsafi. Dalili kuwa a fili yake. Maharbi da kwari da baka ko bindiga yake faɗa, matsafi kuwa rigarsa ta yadi ce, ba ta tare sara. Dukansu biyu suna bukatar wanda zai tare musu gaba, ya riƙe abokin gāba, su kuma su yi ta ɓarin wuta daga nesa. Mayaƙi ba shi da hanyar samun dabbar maharbi ko da nawa zai biya, haka nan maharbi ba ya iya kiran aljanin matsafi. Daga baya aka ba waɗansu sana'o'in nasu rabon: masihircin ƙanƙara ya sami wani dodon ruwa, jarumin mutuwa wanda aka ƙaro a shekarar 2008 ya sami wata gawa mai tafiya. Amma har yau in ana batun abokin tafiya, waɗancan biyu na farko ake nufi.

Yadda Maharbi Ke Samun Dabba

A tsarin wasan na asali, sai maharbi ya kai mataki na 10 kafin a koya masa sabar da naman daji. Zai fita dawa ya zaɓi abin da ya kwanta masa a rai, ko zaki, ko kura, ko kyarkeci, ko kada, ko mujiya, muddin dabbar ba ta fi shi mataki ba. Daga nan sai ya tsaya cik na daƙiƙa 20 yana lallashinta, ita kuwa tana yagarsa, ba shi da damar ramawa. In ya jure, ta zama tasa, ya sa mata sunan da ya ga dama.

To, a nan ne fa aikin ke farawa. Dabbar da aka kama yanzu-yanzu fushi take yi, kuma ba kome take ci ba. Kyarkeci nama kawai yake karɓa, dangin zaki da damisa nama da kifi, aladen daji kuwa duk abin da aka miƙa masa. Dabba mai farin ciki ƙarfin bugunta kan ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, wadda ta ji yunwa ta ɓata rai kuwa ya ragu da kashi 25. In aka ci gaba da yi mata riƙon sakainar kashi, wata rana sai maharbi ya waiwaya ya ga babu ita, ta gudu har abada. Akwai kuma ma'aunin biyayya mai hawa shida, na ƙasa shi ne na mai tawaye, na ƙoli shi ne na babban amini, kuma sai an daɗe ana tafiya tare kafin a kai shi.

Har ila yau, in maharbi yana son dabbarsa ta ƙware a cizo ko yakushi, tilas ya kai ta barga ya ajiye, ya tafi ya kama wata dabbar daji wadda ta iya, ya koya daga gare ta, sa'an nan ya dawo ya koya wa tasa. Bargar kuwa gurbi biyu kacal gare ta. Saboda haka duk wanda ya ga wata sabuwar dabba ta ba shi sha'awa, sau da yawa sai ya saki tsohuwa kafin ya sami wurin sa ta, kuma wadda aka saki ba ta dawowa.

Akwai dabbobin da samunsu sai an sha wuya, domin guda ɗaya tak ke fitowa, in an kashe ta ko an kama ta kuwa sai bayan sa'o'i masu yawa wata ta bayyana. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Broken Tooth, watau mai karyayyen haƙori, wani zakin dutse na yankin Badlands, wanda yake kai bugu sau ɗaya a kowace daƙiƙa, alhali yawancin dabbobi sun fi shi nauyin jiki. Maharba sukan kwana suna dakonsa, wani lokaci kuma ana tsakiyar lallashinsa wani ɗan hassada ya zo ya kashe shi. A ƙarshe kamfanin ya daidaita saurin bugun dabbobi duka, Broken Tooth ya koma daidai da saura, amma da yawa daga waɗanda suka kama shi ba su sake shi ba.

Shi Kuwa Matsafi Da Ƙarfi Yake Mulki

Labarin matsafi, shi ma a tsarin wasan na asali, dabam ne. Aljanunsa, waɗanda duk zane ne na kwamfuta kamar kome na cikin wasan, ba ya ciyar da su, ba ya kuma raɗa musu suna, kowanne da sunansa yake zuwa. Yakan fara da wani ɗan mitsitsin aljani mai jifa da wuta, mai yawan ƙunƙuni in an aike shi. A mataki na 10 ya sami wani shuɗin dodo mai tare gaba, a na 20 wata aljana mai ruɗar abokan gāba, a na 30 kuma wani karen tsafi mai cinye sihirin wasu. In ban da ƙaramin, kiran kowanne sai da gutsuren kurwa, wanda matsafi ke zuƙewa daga abin da yake kashewa ya tara a jaka.

Manyan aljanun kuwa wasa da wuta ne. Akwai wani ƙaton dodon dutse mai ci da koren wuta wanda yake biyayya na minti biyar kawai, in lokaci ya cika ba a sake ɗaure shi ba sai ya juyo kan ubangidansa. Wani kuma, mai suna Doomguard, kiransa sai matsafi ya tara mutum huɗu su kewaye wurin tsafi tare da shi, kuma ɗaya daga cikin su biyar ɗin zai faɗi matacce, ba wanda ya san ko wane ne sai abin ya auku. Ta haka masu tsara wasan suka bambanta sana'o'in biyu: maharbi da kyautatawa yake riƙe abokinsa, matsafi kuwa da igiya.

Yadda Annoba Ta Shigo Gari

A watan Satumba na 2005 aka buɗe wani sabon fagen yaƙi mai suna Zul'Gurub, inda mutum 20 ke haɗa kai su yaƙi wani dodo, Hakkar. Dodon yakan sa wa masu yaƙarsa cutar gurɓataccen jini, mai cin rai a hankali, mai kuma tsallakawa zuwa ga duk wanda ke kusa. Nufin masu tsarawa shi ne cutar ta tsaya a wannan fage. Abin da suka manta shi ne dabbobi ma suna kamuwa. Maharbi ko matsafi yakan sallami abokin tafiyarsa a tsakiyar faɗa don kada ya mutu, in ya koma gari ya sake kiransa, sai ya fito da cutar a jikinsa yadda ya tafi da ita.

Biranen Ironforge da Orgrimmar suka zama maƙabarta. Masu ƙananan matakai suna faɗuwa nan take, 'yan kasuwa da masu gadi waɗanda kwamfuta ke sarrafawa suka kamu, cutar ba ta kashe su, suna ta baza ta. Waɗansu masu warkarwa suka tsaya suna jinyar jama'a, waɗansu 'yan wasa suka tsere, waɗansu kuwa da gangan suka riƙa yaɗa ta. Kamfanin ya nemi a keɓe masu cutar, abin ya faskara, sai da ya tsayar da na'urorinsa ya sake tayar da su, ya kuma gyara wasan a watan Oktoba yadda dabbobi ba za su ƙara ɗaukar ta ba. Ko da yake mutuwa a wasan ba ta dindindin ba ce, al'amarin ya ja hankalin masana. A shekarar 2007 Ran Balicer ya yi rubutu a kansa a mujallar Epidemiology, Eric Lofgren da Nina Fefferman kuma a mujallar Lancet ta cututtuka masu yaɗuwa, suna nuna cewa ana iya koyon wani abu game da halin ɗan Adam a lokacin annoba daga irin wannan wasa.

Sauƙi Ya Zo, Shaƙuwa Ta Ja Baya

Da shekaru suka tura, 'yan wasa da yawa suka gaji da ɗawainiya, kamfanin kuwa yana son sababbin shiga su ji daɗi. A shekarar 2008 aka cire ma'aunin biyayya, a 2011 aka cire na farin ciki, dabba ta daina yunwa, ta daina gudu. Barga ta yi ta faɗaɗa har ta kai gurbi 200 a shekarar 2020. Tun a 2014 ma aka ba maharbi mai saiti damar tafiya ba dabba sam. Masu goyon bayan wannan gyara suna da hujja, domin wanda ya dawo daga aiki da sa'a guda a hannunsa bai biya kuɗin wata don ya ƙare ta a neman kifi ba.

Amma fa duk lokacin da aka taɓa abokin tafiya kansa, sai ƙura ta tashi. A shekarar 2016 aka ba maharba masu kiwon dabbobi wani kyarkecin walƙiya mai suna Hati. Da aka karɓe shi a 2018, koke-koke ba su tsaya ba sai da aka dawo da shi a watan Maris na 2019. A watan Agusta na wannan shekara kuma kamfanin ya sake buɗe tsohon wasan da sunan World of Warcraft Classic, da yunwar dabbobi da ƙaramar barga da duk wahalarsa, jama'a suka yi cincirindo har ana jiran layi na sa'o'i kafin a shiga. A farkon 2025 aka shirya raba maharbi mai saiti da dabbarsa a musanya masa da gaggafa, nan ma sai da kamfanin ya bar ƙofa ga wanda yake son ya riƙe tasa.

Lissafin masu tsara wasa yana kan bugu nawa dabba ke kaiwa a daƙiƙa, don kada wata sana'a ta danne wata. Shi kuwa ɗan wasa abin da yake tunawa shi ne daren da ya yi yana dako a Badlands, da sunan da ya raɗa, da kifin da ya kama don kada abokinsa ya yi fushi. Masu iya magana sun ce sabo turken wawa, amma wannan turken shi ya riƙe mutane da yawa a wasan fiye da shekara 20, waɗansunsu da dabbar nan ta farko da suka kama a mataki na 10.