Mai gadin makaranta: aikinsa da haƙƙinsa

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa kwaleji a Agiye, ko a Gazawa, ko a Gidan Runji, ya san mutumin da ya fara yi wa sallama kafin ya ga darakta. Yana zaune bakin ƙofa bisa benci ko tabarma, da butarsa da sandarsa, da tocila idan dare ya yi. Ɗalibai suna ce masa Baba mai gadi. Shi ke buɗe ƙofa tun kafin ƙararrawa, shi ke rufe ta bayan kowa ya watse, kuma shi ke kwana da tebura da littattafai da duk dukiyar da ƙasa ta zuba a makarantar. Amma idan aka zauna taron tsara aikin shekara, da wuya a kira shi, da wuya ma a ambaci sunansa. Kan wannan mutum za mu yi magana yau.

Daga kwaleji zuwa jami'a

Yaran waɗannan gundumomi uku, idan Allah ya ba su sa'ar jarrabawar bakaloriya, da yawansu Maraɗi suke nufa. A can aka buɗe babbar makarantar koyon fasaha ta IUT a shekara ta 2008, ta zama jami'a a 2010, sa'an nan a 2014 aka sa mata sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyya kuma tsohon ministan ilimi. Jami'a kuwa gari guda ce: akwai ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje, akwai wurin kwanan ɗalibai da wurin cin abincinsu, ga babura da kwamfutoci. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ko ragonsa domin ya tura ƴarsa can, amana ce ya miƙa, kuma wanda ke tsaye kan wannan amana cikin dare shi ne mai gadi.

Cikin tsarin ma'aikatan gwamnati, mai gadi yana sahun ƙananan ma'aikata, tare da masinja da lebura. A makarantu da dama na karkara ma ba gwamnati ke biyansa ba. Kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira COGES, shi ke sallamarsa daga cikin karo-karon iyaye. Idan damina ta yi kyau a biya shi, idan ba ta yi ba ya yi ta jira.

Mene ne ainihin aikinsa?

Mutane da yawa suna zaton aikin mai gadi korar ɓarawo ne kawai. Korar ɓarawo tana ciki, amma abin ya fi haka. Aikinsa na farko shi ne sanin mutane. Mai gadin da ya daɗe a wuri ya san ɗalibai da fuska, ya san malamai da baburansu, ya san masu sayar da ƙosai da fura da ke zuwa lokacin shan iska. Saboda haka shi ne zai fara gane baƙuwar fuska da ke kewaya katanga, ko saurayin da ba ɗalibi ba amma kullum yana tsaye yana jiran fitowar ƴan mata.

Na biyu, sanin wuri. Ya san inda katanga ta tsage, da inda wayar lantarki ta zube, da ɗakin da ake ajiye tukunyar gas. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda ke zagaya bango kowane dare shi ke fara ganin tsagar.

Na uku, kai labari da sauri. Mai gadi ba soja ba ne, ba jandarma ba ne. Ba a ɗauke shi domin ya yi faɗa ba. An ɗauke shi domin ya gani, ya yi kururuwa, ya buɗe ƙofa ko ya rufe ta, ya kira waɗanda aikin ya rataya a wuyansu: lamba 17 ta ƴan sanda, lamba 18 ta ƴan kwana-kwana.

Darasin gobara

Shekara ta 2021 ta koya wa ƙasarmu darasi mai ɗaci. Ranar 13 ga watan Afrilu wuta ta kama wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, inda azuzuwan zana suka ƙone, yara ƙanana kimanin 20 suka rasu. Wani jami'in ƙungiyar malamai ya bayyana cewa wutar ta taso ne daga wajen ƙofar shiga, kuma babu wata ƙofar fita ta biyu, har sai da waɗanda suka fi girma suka haura katanga. Ranar 8 ga watan Nuwamba kuma irin wannan masifa ta auku a birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Bayan haka ne majalisar ministoci ta hana zaunar da yaran rukunin renon yara cikin azuzuwan zana.

Waɗannan makarantun ƙananan yara ne, amma darasin ya shafi kwaleji da jami'a. Wuta ba ta jiran motar kwana-kwana, balle a garin da sai motar ta yi tafiya mai nisa kafin ta iso. Mintocin farko suna hannun wanda ke wurin. Shin ya san inda makullin ƙofa ta biyu yake? An taɓa nuna masa yadda ake amfani da tukunyar kashe wuta, ko inda ake yanke lantarki? Akwai bokitin rairayi kusa? Waɗannan abubuwa ba su da tsada, koyon su ma bai wuce na ƴan kwanaki ba.

Abin da ke faruwa bayan iyaka

Mutanen Gidan Runji ba su bukatar a ba su labarin ƴan bindiga. Tun shekara ta 2019 gundumar take karɓar ƴan gudun hijira daga Najeriya, waɗanda aka tsugunar a wurare kamar su Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori. A can bayan iyaka makarantu sun sha wuya. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin jihar Katsina. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe ƴan mata 279 a Jangebe cikin jihar Zamfara. A watan Agusta na wannan shekara kuma aka kai hari kwalejin koyon aikin gona da kiwo ta Bakura, aka tafi da ɗalibai 15, aka kashe ɗan sanda ɗaya da masu gadi biyu.

Mu tsaya kan waɗannan masu gadi biyu. Sun mutu a bakin aikinsu, a bakin ƙofar da aka ba su tsaro. Wannan ya nuna cewa mutumin da ke can ƙasan takardar albashi shi ne kan gaba ranar haɗari. Ya kuma nuna cewa sanda da tocila ba su tare bindiga. Abin da zai amfani mai gadi shi ne wayar salula mai caji da kuɗi a ciki, da lambar jandarma da ta mai gari, da fitila a kewayen makaranta, da abokin aiki na biyu domin kada ya kwana shi kaɗai. Nijar ta amince da sanarwar duniya ta kare makarantu, wadda aka ƙaddamar a birnin Oslo a 2015. Cika wannan alkawari daga bakin ƙofa yake farawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wa ke da ikon ƙofa?

A jami'a akwai wata matsala ta daban. Bisa al'adar da aka gada, jami'an tsaro ba su shiga harabar jami'a sai da izinin shugabanta. Ke nan tsaron yau da kullum yana hannun na ciki. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wani kwamitin ɗalibai mai suna CASO ya daɗe yana kula da tsari cikin harabar. A watan Fabrairu na 2018 saɓani ya shiga tsakanin ƴan wannan kwamiti da wani malami, malamai suka shiga yajin aiki na kusan wata guda, aka kori ɗalibai biyar, daga baya a watan Afrilu aka rufe harabar na wani lokaci. Ba mu kawo wannan domin ɗora wa wani laifi ba. Abin lura shi ne: idan ba a fayyace wanda ke da ikon tsayar da mutum ya tambaye shi ba, ƙaramar magana tana iya cinye wa dubban ɗalibai watanni na karatu. Mai gadin da hukuma ta ɗauka, ta ba shi tufafin aiki da rubutacciyar ƙa'ida, yana sauke wa ɗalibi da malami wannan nauyi.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, a riƙa biyan mai gadi kan lokaci, kuma bisa doka. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu ya tashi daga jika 30 da ɗan ɗoriya zuwa jika 42 a farkon shekara ta 2024. Wanda yunwa ke damun iyalinsa dole ya nemi wani aikin da rana, kuma wanda ya wuni yana aiki ba ya iya kwana ido biyu.

Na biyu, a ba shi horo. Daraktocin ilimi na gundumomi za su iya haɗa masu gadinsu wuri guda sau ɗaya a shekara, a gayyato ƴan kwana-kwana da malaman asibiti da jandarma su koya musu kashe wuta, da taimakon farko, da yadda ake kai rahoto.

Na uku, a ba shi littafin shiga da fita. A nan ne waɗanda suka yi karatun manya suke da rabo, domin mai gadin da ya iya rubuta sunan baƙo da lokacin zuwansa da lambar baburinsa, ko da Hausa ne, ya riƙe shaidar da za ta yi amfani gobe.

Na huɗu, a saurare shi. Idan kwamitin makaranta zai zauna, a ba shi kujera, a tambaye shi abin da ya gani.

Ku kuma iyaye da ɗalibai, ku girmama shi. Idan ya tambayi katin ɗalibi, aikinsa yake yi. Wanda ya je makarantar ɗansa, ya tsaya ya gaishe shi, ya tambaye shi abin da ya rasa, ya kai maganar gaban kwamiti. Allah ya tsare mana makarantunmu da masu tsaronsu, amin.