Baƙin Tabo a Tafin Ƙafa: Yaya Ake Maganinsa?

Yau in ka wanke ƙafarka, ka juya ta ka duba tafin. Akwai wani irin ciwon daji na fata, wanda Larabawa ke sa shi cikin saraɗan, likitoci kuma suna ce masa melanoma. Ba shi da yawa, amma yana kisa. Ga baƙar fata yakan fito ne a tafin ƙafa, ko diddige, ko ƙarƙashin farce. Yana farawa kamar baƙin tabo marar zafi, ya yi ta faɗi, daga baya ya fashe ya yi jini.

A ƙauyukanmu na Jazira da Mai Wurno mun san nabit, mai kumbura ƙafa yana fid da ƙananan ƙwayoyi. Wannan dabam ne. Likita kaɗai zai bambanta su, ta wurin yanke tsoka kaɗan a duba ta da madubin likita.

Magani ya dogara ga zurfin da ciwon ya yi.

Na ɗaya, aiki. In tabon bai yi zurfi ba, likita zai yanke shi tare da lafiyayyar fata santimita 1 zuwa 2 kewaye da shi. In wurin ya yi faɗi, a ɗebo fata daga cinya a rufe. Wannan shi ne maganin da ya fi warkarwa. In ciwon yana ƙarƙashin farce, wani lokaci sai an cire gaɓar yatsa. Gara yatsa da rai.

Na biyu, kaluluwa. Daga ƙafa ciwon yakan hau zuwa matsematsi. In ya kai can, sai a cire kaluluwar ita ma.

Na uku, in ya bazu zuwa huhu ko hanta ko ƙashi, aiki ba ya isa. Gashi da na'ura yana rage zafi. Akwai sababbin allurai masu ta da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon, amma suna da tsada ƙwarai. Ko a wannan hali akwai maganin rage ciwo, kada ka yi shiru kana wahala.

Jami'ar Jazira tana da cibiyar ciwon daji a Wad Madani. Yaƙin da ya fara a 2023 ya taɓa asibitoci da yawa, saboda haka ka fara zuwa asibiti mafi kusa, su faɗa maka inda za ka.

Kada ka kai wa wanzami ya tsaga, kada a yi maka lalas, kada ka shafa toka ko ganye. Suna ɓoye ciwon ne a sama, shi kuwa yana cin gaba a ciki.

Ka duba ƙafar tsofaffin gidanka kuma, domin su ya fi kamawa. In ka ga tabo yana girma, kada ka jira a gama cirar auduga. Ka zo cikin makon nan.